Idan na mutu a bencin baya, ina za ni?

Baban Nuhu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu kawai ban taɓa rubutu ba, yau dai abin ya ci ƙarfina. An yi mini baftisma a 2009 a rafin bayan garinmu, kuma daga ranar har shekara 13 ban sa giya a bakina ba, ni da kafin nan gidan burukutu ne wurin wunina. Ina cikin mawaƙa, har na taɓa riƙe ma'ajin zumuntar maza. A 2022 mahaifina ya rasu, aikina kuma ya tsaya duk a wata ɗaya, a wurin zaman makoki wani tsohon abokina ya miƙo mini ƙwarya ɗaya wai don in samu barci, toh daga wannan ƙwaryar fa na koma. Na daɗe ina ɓoyewa, daga baya aka gan ni aka kai magana gaban dattawa, ban yi musu gardama ba, aka sa ni a horo. Yanzu wata na biyar ke nan ina zama a bencin baya kusa da ƙofa, ranar Jibin Ubangiji farantin gurasa yakan zo har layin da ke gabana sai mai rabawa ya juya. Ba ƙarar kowa na kawo ba, laifina ne. Abin da ya hana ni barci shi ne wa'azin Lahadin da ta wuce a kan Ibraniyawa 12:14, cewa in ba tare da tsarki ba babu wanda zai ga Ubangiji. Ni kuma ko a cikin wata biyar ɗin nan na faɗi sau biyu, ba wanda ya sani sai matata. Idan na mutu yau a kan bencin nan ina za ni? Baratar da aka koya mana a ajin baftisma tana nan, ko ta tafi tare da ƙwaryar farko?

Yaya Talatu:
Wayyo ɗan'uwa. Ubangiji ya riƙe ka. Zan dawo in yi magana, yanzu ina wurin aiki

Maman Rifkatu:
Baban Nuhu sannu, na ji tausayinka amma ba zan yi maka daɗin baki ba domin ranka ya fi mini muhimmanci. Buɗe 1 Korintiyawa 6:10 ka karanta da idonka, mashaya suna cikin jerin waɗanda ba za su gaji mulkin Allah ba, ba ni na rubuta ba. Matsalar da muke ciki a yau ke nan, an cika mana kunne da alheri alheri, mutum ya ɗaga hannu a taron farkawa shekara 20 da ta wuce shikenan wai ya samu tikitin sama ko me zai yi. Samun ceto mataki na farko ne kawai, akwai na biyu, sai ka je gaban Allah da kuka da azumi ya tumɓuke saiwar zunubin daga zuciyarka ɗungum. Kai an sare reshe ne a 2009, saiwar tana ƙasa, da ruwa ya sauka sai ta tsiro.

Samari Zalla:
don Allah kafin a yi nisa menene barata? ni a Littafi na ban taɓa ganin kalmar ba

Ɗalibin Tauhidi:
Tsohuwar fassara ce ke da ita, ta 1932 wadda su Dokta Miller na Wusasa suka yi aiki a kanta, ita iyayenmu suka haddace shi ya sa har yanzu a kan bagadi za ka ji ana cewa mun barata ta wurin bangaskiya. Fassarorin da suka biyo baya sun sauƙaƙa Hausar, a Romawa 5:1 za ka ga sun faɗe shi da wasu kalmomi. Maganar kotu ce. Mai laifi yana tsaye gaban alƙali, laifin gaskiya ne ba sharri aka yi masa ba, amma alƙali ya yanke cewa ba a binsa komai domin wani ya riga ya ɗauki hukuncin, ba ma haka kaɗai ba har a lissafta masa adalcin wancan ɗin kamar nasa ne. Tsarkakewa kuma aikin da Ruhu Mai Tsarki yake yi ne a cikin mutumin bayan ya fito daga kotun, yana gyara halinsa yau da gobe.
Mama da girmamawa, ayar da kuka kawo gaskiya ce amma ku ƙara aya ɗaya. Aya ta 11 ta ce waɗansunku dā haka kuke, amma an wanke ku, an tsarkake ku, an baratar da ku cikin sunan Ubangiji Yesu. Kuma su waye ake faɗa wa haka? Mutanen Korinti, waɗanda a sura 11 aya 21 Bulus yake musu faɗa cewa wasunsu har buguwa suke yi a wurin Jibin Ubangiji. Duk da haka a farkon wasiƙar ya kira su tsarkaka. Bai ce halinsu daidai ne ba, ya tsawata musu sosai, amma bai ce su koma su sake neman ceto daga farko ba, cewa ya yi ku tuna ko ku su waye.

Maman Rifkatu:
Ɗana ai na san za a kawo mini makaranta. Toh sai mu ce masa ya ci gaba da sha tunda an riga an sallame shi a kotu ko?

Ɗalibin Tauhidi:
A'a Mama, ko kusa. Wannan tambayar taku ita ce Bulus ya yi wa kansa a Romawa 6:1, mu ci gaba da zunubi domin alheri ya yawaita? Ya ce sam. Amma ku duba dalilin da ya bayar, bai ce domin kada a ƙwace muku barata ba, cewa ya yi mu da muka mutu ga zunubi yaya za mu ci gaba da zama a cikinsa. Ku ɗauke shi kamar gona. Ranar da aka ba ka takardar gona a gaban shaidu, gonar ta zama taka gaba ɗaya, ba rabi ba, ko da kuwa cike take da ƙuduji da kututture. Noman kuwa sai shekara da shekaru, ka share ka yi huɗa ka cire ciyawa, baɗi ta sake fitowa ka sake cirewa. Ƙuduji ya fito a gonar Baban Nuhu, dole a cire shi tun bai kashe dawar ba, amma fitowarsa ba ta yaga takardar ba, kuma ba da cire ciyawa aka sayi gonar ba. A wannan misalin ma mu ne gonar, Yesu ne ya saya.

Baba Dattijo:
Yara ku bari tsoho ya sa baki. Na yi shekara 26 ina zama a majalisar dattawa, na sa hannu a horon mutane da yawa, har da ɗan ƙanena. Baban Nuhu abu na farko da nake so ka sani, dattawa ba su da mabuɗin sama. Abin da dattawan cocinku suka hana ka shi ne teburin Jibi da riƙe aiki a ikilisiya na ɗan lokaci, ba mu da ikon goge suna daga littafin rai, ba mu muka rubuta ba. Horo kuma ba mu muka ƙirƙiro shi ba, yana cikin Matiyu 18 da 1 Korintiyawa 5, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ibraniyawa 12 ɗin nan da ta tsorata ka, ka koma sama kaɗan daga aya ta 5, za ka ga ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo, wanda ba a hora ba shi ne ba ɗan gida ba. Ba a horon ɗan maƙwabci.
Amma abu na biyu, faɗuwa biyun nan da ka ɓoye, ita ta fi damuna fiye da ta farko. Idan wata shida ta cika aka tsayar da kai a gaban jama'a aka ce ya tuba an karɓe shi, alhali kai ka san abin da ke ƙasa, za ka ci gurasar nan da ƙarya a bakinka.

Yaya Talatu:
Na dawo. Baba na gode da maganarku amma ku yi mini haƙuri zan faɗi abin da ke raina, domin ni na zauna a bencin nan. Ina shekara 19 na yi ciki ba aure, ina cikin mawaƙa a lokacin, aka karanta sunana a sanarwa bayan an gama baiko, ina jin yadda cocin ya yi tsit. Shekara ɗaya cur na yi a baya. A takarda horo don gyara ne, na yarda, amma a cikin shekarar nan babu dattijo ko ɗaya da ya taka gidanmu, ba wanda ya buɗe mini Littafi ya ce ga abin da Allah ya ce game da ke, abin da na koya kawai shi ne Allah yana fushi da ni sai na cika wata 12 kafin ya huce. Wato na ɗauka zaman bencin ne yake biyan zunubin. Wanda ya yi mini cikin kuwa ya koma wani gari yana ta kiɗan gitarsa a wani coci.
Wata tsohuwa ce a zumuntar mata, bazawara, ba ta iya karatu ba, ran nan kawai ta taso daga wurin zamanta na gaba da sandarta ta zo ta zauna kusa da ni. Kowace Lahadi haka. Da aka yi mata magana ta ce ƙafarta ce ke ciwo, baya ya fi mata kusa da ƙofa. Ranar Jibi idan ta karɓi nata sai ta riƙe hannuna da ɗaya hannun har a gama. Ita ta ce mini yarinya, Yesu bai jira wata 12 ba, tun ranar da kika yi kuka gare shi ya ji, wannan zaman don ki warke ne da kuma saboda 'yan baya. Wallahi daga ranar na fara son yin addu'a kuma. Kafin nan tsoro kawai nake ji, kuma tsoron bai hana ni komai ba, ɓuya kawai ya koya mini. Ɗana yanzu yana jami'a.

Samari Zalla:
kai wannan ya taɓa ni. Allah ya ba mu irin wannan kakar

Maman Rifkatu:
Talatu sannu, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma abin da aka yi na barin namijin ya tafi salin alin ba daidai ba ne. Amma kada ku ɗauke ni mara tausayi, bari in gaya muku daga inda na fito. Ni hatsi nake sayarwa a kasuwa. Shekara da shekaru ina da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa wanda aka ɗan buga gindinsa ya shiga ciki, kuma duk lokacin nan ina zumuntar mata, ina sa anko, ina ba da zakka, ina cewa an cece ni ta wurin alheri. Ba wanda ya taɓa sa ni a horo domin ba a ganin irin wannan zunubin daga bagadi. Sai da na ji koyarwar tsarki da ta mayar da abin da ka cuci mutane, irin na Zakka a Luka 19, na kwana uku ban iya cin abinci ba. Na ɗauki mudun na kai wa maƙeri ya farfasa shi a gabana, na bi masu sayen da nake iya tunawa gida gida da hatsi a buhu, wata ta yi mini dariya, wata Hajiya kuwa ta rungume ni tana kuka. Daga ranar nan ban ƙara sha'awar cutar kowa a awo ba, an cire mini abin ɗungum. Shi ya sa idan na ji ana cewa sannu a hankali sai raina ya ɓaci, ni sannu a hankalin nan ce ta riƙe ni shekara 15 da mudun ƙarya. Yaƙub 2:17 ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce.

Ɗalibin Tauhidi:
Mama wannan shaidar taku ta fi duk abin da na karanta a aji, kuma kun yi gaskiya, alherin da ba ya taɓa mudu ba alherin Littafi ba ne, Titus 2:11 da 12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah. Inda muka rabu kaɗan ne. Allah ya cire muku son cuta a awo rana ɗaya, na gaskata, yana yin haka. Amma zan tambaye ku a matsayin ɗa, tun daga ranar ba ku ƙara yin fushin da bai kamata ba, ko ku riƙe wani a zuciya? Domin 1 Yohanna 1:8 ta ce idan muka ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi, kuma masu bi ake rubuta wa. Bulus ma da kansa a Filibiyawa 3:12 yana kurkuku, bayan shekaru yana bishara, ya ce bai riga ya kai ba, yana dai nacewa.
Maganar Yaƙub kuma ku duba misalin da ya kawo. Shi da Bulus duk Ibrahim suka ɗauka. Bulus a Romawa 4 ya koma Farawa 15:6 inda Ibrahim ya gaskata aka lissafta masa adalci, lokacin ko Isma'ilu ba a haifa ba, kuma Ibrahim yana da shekara 86 aka haifi Isma'ilu, yana 99 aka yi masa kaciya, yana 100 aka haifi Ishaku. Yaƙub kuwa ya tafi Farawa 22, lokacin da Ishaku ya girma har yana iya ɗaukar itace ya hau dutse. Shekaru masu yawa ne tsakani, kuma a tsakanin nan akwai maganar Hajaratu, akwai inda ya ce wa Abimelek Saratu 'yar'uwarsa ce don tsoro. Allah bai janye maganarsa ta sura 15 ba a duk wannan tuntuɓen, kuma bai bar shi haka ba sai da ya kai shi inda bangaskiyar ta fito fili a kan dutsen.

Maman Rifkatu:
Fushi kam ina yi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba na kwana da shi.

'Yar Numan:
Ina ta bin muhawarar nan tun safe. Mu a Luteran wannan ita ce maganar da aka gina mu a kai, tun muna ajin tabbatarwa ake nanata mana. Martin Luther da kansa irin halin Baban Nuhu ya shiga, yana zaman sufi a Jamus yana azumi yana furta zunubi na awoyi amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, kullum yana ganin bai kai ba, har sai da Romawa 1:17 ta buɗe masa, mai adalci ta wurin bangaskiya zai rayu, ya gane adalcin nan kyauta ce Allah yake bayarwa ba awo ne da yake auna mu da shi ba. Wannan fahimtar ce ta zama ginshiƙin rigimarsa da cocin Katolika wadda ta fara a 1517. Akwai maganarsa da nake riƙewa, cewa mai bi mai adalci ne kuma mai zunubi ne a lokaci ɗaya, in ka dube shi cikin Kristi an gama, in ka dube shi a kansa da sauran aiki. Ibraniyawa 10:14 ma haka ta haɗa su a aya ɗaya, da hadaya guda ya kammala har abada waɗanda ake tsarkakewa. Ya kammala, kuma ana kan tsarkake su.
Mama koyarwar da kuke a kai ta mataki na biyu daga wajen John Wesley na Ingila ta samo tushe, shi ya koyar da cewa mai bi zai iya kaiwa cikakkiyar ƙauna tun a duniya. Amma ku sani shi ma a 1738 a Landan, a wani taro da ake karanta gabatarwar da Luther ya rubuta wa Romawa, a nan ya samu tabbacin cewa an ɗauke masa zunubansa. Wato shi ma sai da ya tsaya a kan barata kafin ya yi wa'azin tsarki.

Katikis:
Tunda an ambaci 1517 bari ɗan Katolika ya yi magana, domin sau da yawa ana cewa wai mu da ayyuka muke sayen ceto, ba haka muke koyarwa ba. Majalisar Trent, babban taron shugabannin cocin Katolika, a 1547 ta ce ba wani abu da ya riga barata, ko bangaskiya ko ayyuka, da ya isa ya cancanci alherin. Bambancin shi ne mu ba ma raba su gida biyu kamar yadda ɗalibinmu ya yi, a wurinmu barata ba gafara kaɗai ba ce, ta haɗa da sabunta mutum daga ciki, Allah ba ya kiran mutum mai adalci ya bar shi yadda yake. Kuma mun yarda mutum zai iya fita daga alherin ta wurin zunubi mai nauyi, amma ƙofar dawowa a buɗe take, ya je wurin Fada ya furta da tuba ta gaskiya ya ji da kunnensa an ce an gafarta maka. Ba a jira wata shida. A ranar 31 ga Oktoba 1999 a Augsburg, Katolika da Tarayyar Luteran ta Duniya sun sa hannu a takarda ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Kristi, Allah yake karɓar mu ya ba mu Ruhu wanda yake sabunta zuciya ya kira mu ga ayyuka nagari. 'Yan Methodist, mabiya koyarwar Wesley, sun shiga a 2006.

'Yar Numan:
Haka ne Malam, kuma a 2017 Akbishop ɗinmu Musa Panti Filibus aka zaɓa shugaban wannan Tarayyar. Amma gaskiya takardar ba ta share duk bambancin ba, maganar ko sha'awar zunubi da ta rage a cikin mai baftisma zunubi ce da kanta har yanzu ba mu faɗe ta iri ɗaya.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa tarihin yana da amfani amma kada mu manta akwai mutum a tsakiyarmu da bai yi barci ba. Masu turo tallan atamfa kuma don Allah ba yau ba, na goge.

Anti Nas:
Ni ba malamar Littafi ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, zan faɗi ɓangarena. Baban Nuhu idan ka tashi da safe hannunka yana rawa ko gumi yana karyo maka sai ka sha kafin ka daidaita, toh jikinka ya riga ya saba da giyar, kuma mai irin wannan idan ya yanke ta farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki yana iya samun jijjiga ko ruɗewa, abin yana kisa. Ka je asibiti ka gaya wa likita gaskiyar yawan da kake sha, akwai magani da ake bayarwa na kwanakin farko. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, mai ciwon suga ma yana addu'a yana shan maganinsa. Kuma rasuwar babanka da ka ambata, ina ganin ba ka gama kukanta ba aka miƙo maka ƙwaryar nan, ka samu wanda za ka zauna da shi ka yi maganar baban. Na ga mutane da dama da suka faɗi sau uku sau huɗu kafin su tsaya, kuma suka tsaya.

Baban Nuhu:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Anti hannuna ba ya rawa sosai yanzu amma watannin baya yana yi, zan je. Maganar babana kuma gaskiya kika faɗa, har yau ban iya shiga ɗakinsa ba, fartanyarsa tana nan jingine inda ya bar ta.
Malam ɗalibi ina so in gaskata maganarka amma ga inda nake tsoro. Yaya zan san ni gonar da aka saya ce? Wataƙila tun 2009 ɗin ruwa kawai na shiga na fito. Mutane suna cewa hali zanen dutse, kakana mashayi ne, babana ya sha kafin ya tuba, wataƙila ni haka aka yi ni.

Ɗalibin Tauhidi:
Yaya ba zan iya leƙa zuciyarka ba, amma zan tambaye ka, kafin 2009 da kake wuni a gidan burukutu ka taɓa rasa barci saboda tsoron ba za ka ga Ubangiji ba? Wa ya sa maka wannan ƙishin? Gawa ba ta jin zafin ƙaya. Galatiyawa 5:17 ta ce jiki da Ruhu suna yaƙi da juna, inda babu Ruhu ai babu yaƙin, sha kawai ake yi a kwanta. Kuma ko da a ce shakkarka gaskiya ce, a ce 2009 ruwa ne kawai, maganin ɗaya ne, Luka 18 daga aya 9. Mai karɓar harajin nan daga nesa ya tsaya, can baya, ko ɗaga ido bai iya ba, yana bugun ƙirji yana cewa Allah ka yi mini jinƙai ni mai zunubi, Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce, ba Bafarisiyen da ke lissafa azuminsa da zakkarsa ba. Bai ce zai barata bayan ya gyaru ba, a ranar ya koma gida da ita. Kada ka nemi tabbacinka a cikin yawan kwanakin da ka yi ba ka sha ba, ranar da lissafin ya karye tabbacin zai karye tare da shi. Ka neme shi a kan gicciye, daga can ne ƙarfin ƙirga kwanakin zai zo.

Maman Rifkatu:
Hali zanen dutse maganar mutane ce Baban Nuhu, wanda ya yi dutsen yana iya sake zane. Shekara 13 da ka yi ba ka sha ba wa ya riƙe ka, kakanka? Har yanzu ban yarda da ɗalibin nan a kan komai ba, ni na san Allah yana iya cire abu rana ɗaya kuma shi nake roƙa maka, kuma ina nan a kan cewa wanda ya mutu yana rungume da zunubinsa da gangan yana cikin hatsari. Amma kai ba rungume kake da shi ba, kokawa kake yi. Abu ɗaya, wannan abokin mai ƙwarya da hanyar da ke bi ta ƙofar gidan burukutun, ka rabu da su ko da zagaye zai ƙara maka tafiya.

Baba Dattijo:
Talatu 'yata, maganarki ta hana ni cin tuwon dare. Na zauna na lissafa, a cocinmu yanzu mutum huɗu ne a horo, kuma ban taka gidan ko ɗaya ba tun da muka yanke. 2 Korintiyawa 2:7 ta ce a gafarta wa irin wannan a ta'azantar da shi kada baƙin ciki mai yawa ya haɗiye shi, mun riƙe sura 5 ta wasiƙar farko mun manta da wannan. Gobe bayan sujadar safe zan fara da yarinyar da ke kusa da gidana, zan tafi da matata.
Baban Nuhu ina nan a kan bakana, ka je ka faɗa wa fastonka faɗuwa biyun nan da bakinka kafin wani ya faɗa. Wataƙila su ƙara maka wata, wataƙila ba za su ƙara ba, ban san dattawanku ba. Amma ka roƙe su abu ɗaya, su ba ka mutum guda da zai riƙa zuwa wurinka kowane mako kuna karatu tare, ka ce wani tsohon dattijo ne ya ce ka roƙa.

Samari Zalla:
Baba idan suka ƙara masa wata shida saboda ya faɗi gaskiya ai gobe ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya

Baba Dattijo:
Wannan tambayar mu dattawa ya kamata ta dama, ɗana, kuma zan kai ta majalisarmu. Amma shi dai ya faɗa.

Baban Nuhu:
Na kira fasto ɗazu, ya ce in zo ofis ranar Alhamis ƙarfe 4. Matata ta ce za ta raka ni har bakin ƙofa. Asibitin kuma Litinin in Allah ya kai mu. Gabana yana faɗuwa sosai, ku sa ni a addu'a.

Yaya Talatu:
Muna tare da kai. Ka rubuto mana in ka fito ko da dare ne

Maman Rifkatu:
Zan yi azumi ranar Alhamis har ƙarfe 4 ɗin. Kai kuma kada ka yi, ka ci abinci sosai kafin ka tafi.